Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Mahangar Tsawon Rayuwa da Tarihin Babikir Badri na Omdurman

1.0 Gabatarwa

Akwai karin magana biyu a bakin Hausawa waɗanda a zahiri suke kamar suna karo da juna. Na farko yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na biyu kuma yana cewa gemu ba ya hana ilimi. Wanda ya riƙi na farko shi kaɗai zai ɗauka cewa duk abin da mutum zai zama an kammala shi tun ƙuruciya, saura sai girbi. Wanda kuwa ya saurari na biyu zai fahimci cewa ƙofar sauyi ba ta rufuwa matuƙar da sauran numfashi. Wannan saɓani ya daɗe a fagen ilimin halayyar ɗan Adam, kuma hukuncin da al'umma ta yanke a kansa yana da sakamako, domin da shi za ta san abin da za ta yi da magidancin da bai yi karatu ba, da matar da aure ya yanke wa makaranta, da yaron da yaƙi ya kora daga aji.

Wannan muƙala ta bibiyi tarihin ra'ayin da masana ke kira mahangar tsawon rayuwa, sannan ta gwada shi a kan rayuwar Shaihu Babikir Badri, mutumin Rufa'a da Omdurman a ƙasar Sudan, da kuma tarihin Hausawan da suka zauna a wannan ƙasa.

2.0 Asalin Mahangar Tsawon Rayuwa

A farkon ƙarni na 20, masu nazarin bunƙasar ɗan Adam a Turai da Amurka sun fi karkata ga yara. Sigmund Freud ya ɗora ginshiƙin halayyar mutum a kan shekarunsa biyar na farko. Jean Piaget ya jera matakan bunƙasar tunani guda huɗu, na ƙarshensu yana farawa wajen shekara 11 ko 12. A irin wannan tsari, abin da ke biyo bayan samartaka zaman wuri ɗaya ne, sai kuma gangara.

An sami waɗanda suka fara duban abin da ke gaba da nan. G. Stanley Hall, wanda ya rubuta littafi a kan samartaka a 1904, ya sake rubuta wani a kan tsufa a 1922. A birnin Biyana, Charlotte Bühler ta tattara tarihin rayuwar mutane da dama ta yi nazarinsu, ta buga sakamakon a 1933. A 1950 Erik Erikson ya fito da matakai takwas waɗanda suka faro daga goyo har zuwa tsufa, ya ce babban aikin tsakiyar rayuwa shi ne renon masu tasowa, na ƙarshenta kuma shi ne mutum ya waiwayi abin da ya shuka ya yi sulhu da shi.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga hanyar bincike. Masu gwajin ƙwaƙwalwa sun saba tara 'yan shekara 20 da 'yan 40 da 'yan 70 a lokaci guda, su ba su jarrabawa iri ɗaya. Da suka ga tsofaffi sun sami maki kaɗan, sai suka ce basira tana dushewa tun daga farkon girma. K. Warner Schaie, wanda ya fara bincikensa a birnin Seattle a 1956, ya bi mutane iri ɗaya yana sake gwada su bayan kowace shekara bakwai. Ya gano cewa yawancin ƙwarewar tunani tana tsayawa da ƙafarta har cikin shekaru sittin da wani abu. Babban ɓangare na tazarar da aka gani da farko ya samo asali ne daga bambancin tsara: tsohon bai sami shekarun makaranta irin na jikansa ba, saboda haka aka lissafa wa tsufa laifin da na zamani ne.

Daga 1969 aka fara jerin tarurrukan masana a Jami'ar West Virginia a kan wannan batu. Paul Baltes, Bajamushe wanda ya rayu daga 1939 zuwa 2006 kuma ya shugabanci wani sashe a Cibiyar Max Planck ta Balin, shi ya tattara ƙa'idojin a wata muƙala ta 1987. Mafi muhimmanci daga cikinsu su ne:

i. Bunƙasa tana gudana daga ɗaukar ciki har mutuwa, babu matakin da ya mallake ta shi kaɗai.

ii. Ba ta bin hanya ɗaya. Ƙarfin jiki da saurin tunani na iya raguwa alhali sanin harshe da iya sasanta mutane suna ƙaruwa.

iii. Kowane mataki yana ɗauke da samu da rashi a haɗe.

iv. Mutum yana tanƙwaruwa a kowane mataki, amma tanƙwaruwar tana da iyaka, kuma iyakar tana ƙuntata da tsufa.

v. Ba a fahimtar rayuwar mutum sai an san zamanin da wurin da ya rayu.

A ƙarƙashin ƙa'ida ta biyar, Baltes da abokan aikinsa sun rarrabe tasiri iri uku: tasirin shekaru, wato abin da ke samun kusan kowa a wani mizani na shekaru, kamar balaga, tasirin zamani, wato abin da ya auka wa tsara guda, kamar yaƙi ko yunwa, da keɓantaccen tasiri, wato abin da ya sami mutum shi kaɗai, kamar maraici ko kamu.

3.0 Matakan Rayuwa a Harshen Hausa

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin harshen ya riga ya raba rayuwa gida-gida. Akwai jinjiri ko jariri, sai yaro da yarinya, sai saurayi da budurwa, sai magidanci da matar aure, sai dattijo da dattijuwa, sai tsoho da tsohuwa, har a kai ga tsoho tukuf. Kowace mashiga tana da al'adar da ke tsaye a bakinta: zanen suna bayan mako guda, yaye wajen shekara biyu, kaciya da shiga makarantar allo, saukar Alƙur'ani, aure, haihuwar fari, aurar da 'ya'ya, ganin jika da tattaɓa-kunne.

Abin lura shi ne yadda wasu kalmomin ke auna hali fiye da shekaru. Kalmar girma tana nufin ƙaruwar jiki, tana kuma nufin daraja, shi ya sa ake cewa wane ya zubar da girmansa alhali bai rage ko shekara ɗaya ba. Haka nan dattijo da dattaku: ana iya samun mai furfura wanda ba shi da dattaku, a kuma yaba wa ɗan shekara 35 da shi. Bahaushe yana sa ran mutum ya ci gaba da samun wani abu bayan jikinsa ya daina tsawo. Inda mahangar tsawon rayuwa ta yi ƙari shi ne nacewa da ta yi cewa zamani yana iya rushe wannan jeri ko ya sake masa fasali. A nan tarihin Khartum da Omdurman ya zama abin nazari.

4.0 Rayuwar Babikir Badri

An haifi Babikir Badri wajajen 1860, ya tashi a garin Rufa'a da ke gabar Shuɗin Nilu, kudu maso gabas da Khartum. Ya yi karatun allo a halwa, kamar yadda mutanen Sudan ke kiran makarantar Alƙur'ani. Da al'amura sun tafi yadda aka saba, da ya zama malami ko ɗan kasuwa a garinsu kamar magabatansa.

A 1881 Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadiyanci a tsibirin Aba, ya ɗaura yaƙi da mulkin Turkawa da Misirawa. Babikir, yana cikin ganiyar samartaka, ya bi shi. Yana cikin rundunar da ta yi wa Khartum ƙawanya har birnin ya faɗi ranar 26 ga Janairu 1885, aka kashe Janar Gordon. Mahadi ya rasu a watan Yuni na wannan shekara, Halifa Abdullahi ya gaje shi, Omdurman da ke hayin kogi ta zama babban birni. A 1889 Babikir ya bi rundunar Abdurrahman wad al-Nujumi zuwa Masar. Yunwa da ƙishirwa suka ci rundunar tun kafin a gwabza, sannan aka murƙushe ta a Toshki ranar 3 ga Agusta, aka kashe jagoranta. Babikir ya shiga hannu, ya yi zaman talauci a Masar kafin ya sami komawa gida.

Da ya dawo sai ya zauna a Omdurman ya kama fatauci, yana kai ƙaro tashar Sawakin da ke bakin Bahar Maliya. Ranar 2 ga Satumba 1898 yana filin Karari, arewa da Omdurman, inda bindigogin Kitchener suka kashe kimanin mutum 10,000 daga cikin Ansaru, alhali waɗanda aka kashe a ɗaya ɓangaren ba su kai 50 ba. Ya tsira da ransa. A tarihin da ya rubuta daga baya bai ɓoye cewa zafin neman shahada da ya yi a samartaka ya riga ya huce kafin wannan rana ba. Yana dab da shekara 40 duniyar da ya yi wa yaƙi ta rushe gaba ɗaya.

A nan ne rayuwarsa ta biyu ta fara. Ya koma Rufa'a, a 1903 ya buɗe makarantar zamani ta yara maza, ya koyi sabon salon koyarwa yana magidanci mai iyali. A 1907, yana dosar shekara 50, ya buɗe makarantar 'yan mata a gidansa da ɗalibai 17, tara daga gidansa, takwas daga maƙwabta. Hukumar Ingila ta yi ɗari-ɗari da lamarin don gudun tayar da hankalin jama'a. James Currie, daraktan ilimi, ya bar shi ya yi da sunansa da kuma kuɗinsa. Ita ce ake lissafawa a matsayin makarantar 'yan mata ta farko da ɗan ƙasa ya kafa a Sudan.

Daga baya ya yi aikin duba makarantu a ƙarƙashin hukumar ilimi. Da ya ajiye aiki, yana wajen shekara 70, sai ya kafa wata makarantar a farkon shekarun 1930, ya sa mata suna Ahfad, wato jikoki, ya kuma mayar da ita Omdurman. Yana da shekara fiye da 80 ya zauna ya rubuta Tarikh Hayati, wato tarihin rayuwata, wanda aka buga cikin juzu'i uku bayan rasuwarsa. Ya rasu a 1954, ya haura shekara 90, saura shekara biyu Sudan ta sami 'yancin kai.

5.0 Tasiri Uku a Rayuwa Ɗaya

Idan aka ɗora ma'aunin Baltes a kan wannan tarihi, za a ga tasirin shekaru a fili: allo a ƙuruciya, yaƙi a samartaka, kasuwa da iyali a tsakiyar rayuwa, waiwaye a tsufa. Sunan Ahfad kaɗai ya isa misali ga abin da Erikson ya faɗa game da renon masu tasowa, rubutun tarihin kuma ya dace da matakinsa na ƙarshe.

Tasirin zamani ya fi wannan nauyi. Da an haife shi shekara 30 kafin haka, da Mahadiyya ta same shi yana dattijo wanda ba zai bi runduna zuwa Masar ba. Da kuma an haife shi shekara 30 bayan haka, da wataƙila ya shiga Kwalejin Gordon da aka buɗe a Khartum a 1902, ya fito ma'aikacin gwamnati. Shekarar haihuwarsa ce ta sa ya ga mulki uku da idonsa, ya kuma iya magana da mutanen halwa da jami'an Ingila duka. Hujjar da ya kafa wa iyayen yara ta karɓu ne domin sun san shi almajiri ne kuma tsohon mayaƙin Mahadi, ba wanda za a ce Turawa ne suka rene shi.

Keɓantaccen tasiri shi ne kamun Toshki da zaman Masar, da kuma tsirar Karari. A kowanne akwai samu da rashi: ya rasa 'yanci da abin hannu, ya ga wata ƙasa da wata irin rayuwa, ya rasa daular da ya yi imani da ita, ya sami sana'ar da sunansa ya ɗore da ita.

Sai dai dole a yi hattara. Rayuwar mutum ɗaya ba ta isa hujja a kan kowa ba. Babikir namiji ne, mai karatu, mai jari, mai dangi da ke tsaya masa. Dubban tsararrakinsa sun kwanta a Toshki da Karari ba su sami rayuwa ta biyu ba. Tanƙwaruwa tana buƙatar tsawon rai da lafiya da kuma ƙofar da aka bari a buɗe.

6.0 Hausawan Sudan da Tasirin Zamani

Tarihin Hausawa da Fulanin da suka zauna a Sudan ya nuna yadda abin da ya faru a shekara ɗaya ke bin zuriya. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ratsa Barno da Wadai da Darfur zuwa Nilu, amma babbar ƙaura ta biyo bayan cin Sakkwato da Turawa suka yi a 1903. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka fara noman auduga a Jazira, sai alhazai masu neman guzuri suka sami aikin ƙodago, da yawa suka zauna. A Khartum ma sun yi unguwa, Ishash Fallata, wadda daga baya hukuma ta tashe ta.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ranar 31 ga Disamba 1897 a matsayin ma'auni: wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun wannan rana shi ne ɗan ƙasa ta asali. Jikan wanda ya iso bayan Burmi, ko da a bakin Nilu aka yanke masa cibiya, sai ya bi wata hanya kafin ya sami takarda, ita kuwa takarda tana shafar aikin gwamnati da mallakar gona. Yara biyu da aka haifa rana ɗaya a unguwa ɗaya sai rayuwarsu ta rabu saboda shekarar da kakanninsu suka sauke kaya.

C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya bayyana yadda zuriya ta uku da ta huɗu na waɗannan mutane suke ɗaukar kansu matafiya da ke kan hanyar Makka har yanzu. A wurinsu jerin matakan rayuwa yana da wani mataki na ƙarshe da ake jira, kuma wannan jira yana shafar irin gidan da suke ginawa da yadda suke tara abin hannu. Ta fuskar harshe, Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya buga nazari a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Ga ɗalibin Hausa, wannan fage ne da ke nuna cewa bambancin maganar kaka da ta jika yana iya zama na tsara, kamar dai yadda Schaie ya gano a gwajin ƙwaƙwalwa.

A ƙasar Hausa kanta akwai takwarar littafin Babikir. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ya fito a 1954, shekarar da Babikir ya rasu. Ita ma ta ga zamanin harin bayi, ta ga zuwan Turawa, ta kuma ba da labarin a tsufanta. Gwama littattafan biyu zai nuna yadda zamani ɗaya ya bi da namiji da mace ta hanyoyi daban-daban.

7.0 'Ya'ya da Jikoki

Aikin Babikir bai tsaya da rasuwarsa ba. A 1966 ɗansa Yusuf Badri ya buɗe Kwalejin Mata ta Ahfad a Omdurman da ɗalibai 23, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1995. Daga cikin sassanta na farko akwai na ilimin halayyar ɗan Adam da renon ƙananan yara. Jikansa Gasim Badri, masani a wannan fanni, ya shugabanci jami'ar shekaru masu yawa.

Wani ɗan nasa, Malik Badri, an haife shi a Rufa'a a 1932, lokacin da uban ke wajen shekara 70. Ya yi karatu a Jami'ar Amurka ta Beirut, ya sami digiri na uku a Leicester ta Ingila a 1961. A shekarun 1960 ya gwada yaran Sudan da jarrabawar zana mutum ta Goodenough, wadda ake auna basirar yara da ita, har ya jarraba zane da yatsa ga yaran da ba su saba riƙe fensir ba. Darasin shi ne ma'aunin da aka ƙera a wata ƙasa yana iya auna sabo a ce basira aka auna. A 1979 ya buga littafinsa a kan tsaka-mai-wuyar da masana halayya Musulmi ke ciki, inda ya soki ɗaukar ra'ayoyin Freud ba tare da tacewa ba. Ya rasu a Malesiya a 2021. Tsakanin haihuwar uba da rasuwar ɗa akwai kimanin shekara 160.

8.0 Kammalawa

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Jami'o'in Khartum da Omdurman suka rufe, aka kwaso ɗaliban Nijeriya ta Masar da Port Sudan, mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu, miliyoyin yara suka daina zuwa makaranta. Wannan shi ne tasirin zamani a kan wata sabuwar tsara, kuma tambayar da ke gaban Sudan ita ce ko yaron da ya rasa shekaru uku na karatu da magidancin da ya rasa sana'arsa sun tashi daga aiki ke nan. Irin wannan tambaya tana gaban garuruwan Barno da Zamfara da Katsina da rashin tsaro ya rufe wa makarantu.

Arewacin Nijeriya ya taɓa ba da amsa a aikace, da gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 da kuma Hukumar Ilimin Manya da Jihar Kano ta kafa a 1980. Dukkansu an gina su ne a kan yardar cewa babba yana koyo. Binciken Schaie da Baltes ya goyi bayan wannan yarda, tare da gargaɗin cewa abin da aka rasa a ƙuruciya yana da tsadar ramawa, kuma tsadar tana ƙaruwa da shekaru. Ta haka karin maganar nan biyu suka zama kowanne da muhallinsa: na icce yana magana da iyaye da hukuma a kan yaron da ke gabansu yau, na gemu kuma yana magana da su a kan wanda aka riga aka makara a kansa. Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata yana dosar 50, ya kafa Ahfad yana wajen 70, bayan ya fito daga yaƙi biyu da aka ci su.